Hayar da ta koma bashi a littafin kamfani: an saɓa sharaɗin banki ke nan?

Tambaya: Barista, kamfaninmu ya ci rance a banki bisa sharaɗin kada bashin da ke kanmu ya wuce ninki uku na ribar shekara. Da muka kama hayar sito ta shekara 10, sai akanta ya shigar da ita cikin bashi, lissafi ya haura. Yanzu banki na cewa mun saɓa yarjejeniya. Ina mafita?

Amsa: Malam, akantanku bai yi kuskure ba. Tun 1 ga Janairu 2019 ƙa'idar lissafin kamfanoni ta duniya mai suna IFRS 16 ta maye gurbin tsohuwar ƙa'ida, IAS 17, ta wajabta wa mai karɓar haya ya rubuta kuɗin hayar da zai biya nan gaba a matsayin bashi, ikon amfani da wurin kuma a matsayin kadara. An ɗaga ƙafa ne kawai ga hayar da ba ta wuce wata 12 ba da ta kaya masu ƙaramar daraja.

Masu nazarin harkokin kuɗi ba su ga baƙon abu a nan ba. Tun kafin ƙa'idar, sukan ɗauki kuɗin hayar shekara su ninka, galibi sau takwas, su ɗora a kan bashin kamfani, don a wurinsu wanda ya ɗaure kansa da biyan haya na shekaru yana ɗauke da nauyi irin na mai rance. Su ma bankuna sun san haka sarai, shi ya sa nake ganin akwai ƙofar sulhu.

Amma abin da zai raba gardama shi ne rubutun yarjejeniyarku. Buɗe shafin da aka fassara kalmar "bashi". Idan an ce a yi lissafi da ƙa'idar da ake bi kafin 2019, ko an cire irin wannan haya ƙarara, to banki ba shi da hujja. Idan kuwa an ce ƙa'idar da ke aiki a kowane lokaci, hayar ta shiga. Ko a hakan, duba yadda suka lissafa riba: a sabon tsari kuɗin haya ya rabu zuwa kuɗin ruwa da raguwar darajar kadara, saboda haka ribar da ake aunawa kafin a cire waɗannan ita ma ta ƙaru. Bai dace su ɗauki sabon bashi su auna shi da tsohuwar riba ba.

In lissafi ya tabbata kun haura, ku nemi banki ya yafe wannan karon a rubuce, maganar baki ba za ta kare ku a kotu ba, sannan a gyara sharaɗin. Ku hanzarta, don wasu yarjejeniyoyin na ɗaukar saɓa sharaɗin rance ɗaya a matsayin saɓa sauran.

Ina roƙonka kada ku mai da hayar ta wata 12 don ɓoye ta. Muddin ya tabbata za ku sabunta, odita zai ƙirga tsawon lokacin duka. Kafin ku amsa wasiƙar bankin, kai wa lauyanku yarjejeniyar rancen da ta hayar da lissafin akanta a tsohon tsari da sabo.