Matar nan mai goyo a kan dalar Amurka

Yaya, kin tambaye ni wace ce matar nan mai goyo da ke kan kwandalar da na saka cikin tsarabar yara, kuma wai ko mu ma ana barin mu mu yi goyo a titin Bronx, nan birnin New York. Kafin komai, kada ki kai ta wurin masu zinare, launi ne kawai. Dala ɗaya ce tak, tun 2000 ake buga ta.

Sunanta Sacagawea, 'yar ƙabilar Shoshone ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar nan. An haife ta wajen 1788 a inda ake kira Idaho yanzu. Tana da shekara 12 ko kusa da haka mayaƙan Hidatsa suka kai musu hari suka tafi da ita, daga baya wani ɗan kasuwa mai jin Faransanci, Toussaint Charbonneau, ya ɗauke ta ta zama matarsa. Da shugaba Jefferson ya sayi yankin Louisiana a hannun Faransa a 1803, sai ya tura wasu hafsoshin soja biyu, Lewis da Clark, da ayarinsu su bi kogin Missouri har su dangana da tekun yamma. Su ne suka ɗauki mijin nata aikin tafinta. Ta haihu ran 11 ga Fabrairu 1805, farkon Afrilu ayari ya tashi da ita. Ki lissafa da kanki, Yaya, mako biyu ke nan da fitarta arba'in. A gidanmu da ko bakin zaure Inna ba za ta bar ta ta leƙa ba.

Ranar da Ummi ta dawo daga makaranta da labarinta, cewa ta yi ita ce ta nuna wa ayarin hanya tun daga farko har ƙarshe. Haka ma gumakanta suke nunawa, tana miƙa hannu gaba. Ni kuwa da na karanta abin da shugabannin tafiyar suka rubuta, sai na ga yawancin ƙasar ita ma baƙuwarta ce. Aikinta magana ne. Basarake ya faɗa da Shoshone, ta juya wa mijinta da Hidatsa, shi ya mayar Faransanci, wani sojan ya kai wa Lewis da Turanci. A irin zaman nan ne ta ɗaga ido ta gane basaraken, Cameahwait, ɗan'uwanta ne da suka rabu tun ranar harin. Da haka aka samu dawakin hawan duwatsu. Kuma Clark da kansa ya rubuta cewa ganin mace cikin ayari yakan kwantar wa mutanen gari hankali, don ba a zuwa yaƙi da mai jego.

Da aka dawo a 1806 mijin ya karɓi dala 500 da fili, ita ko sisi. Takardu sun ce zazzaɓi ya kashe ta a 1812, amma a Wyoming akwai kabarin da ake cewa nata ne, wai sai 1884 ta rasu. Kamar dai yadda ake ja-in-ja kan inda Sarauniya Amina ta ƙare. Hotonta ma babu, fuskar da kike gani ta wata ɗaliba ce 'yar Shoshone.

Tafintar nan ta baki zuwa baki kuwa mun san ta. Na taɓa raka wata tsohuwa Bazabarma asibiti: ta faɗa wa surukarta da Zabarmanci, surukar ta gaya min da Hausa, ni na gaya wa likita. Kafin ciwon ciki ya isa kunnensa ya kusa zama ciwon baya.

Goyo kuma ba wanda ya hana mu. A gida, a wurin suna, ranar idi, duk zane muke ɗaurawa. Lokacin ƙanƙara dai keken jarirai muke turawa, don ƙasa santsi gare ta. A jirgin ƙasa wata Baturiya ta taɓa tsare ni tana tambaya ko yaron ba zai suɓuce ba, alhali ita ta rataye nata a ƙirji da wata jaka mai maɗaurai da ta saya da tsada. Na laluba jakata ban samu kwandalar ba, da na nuna mata.

In Alhaji zai taso, ki ba shi majanyi biyu na saƙi. Maman Ummi ƙarama watanta ya tsaya.