Likita ya hana sayar da naman san da na yanka: wa zai biya ni?

Wani mahauci daga cikin garin Sakkwato ya rubuto cewa ya sayi sa a kasuwar Achida, ya kai shi mayanka, bayan an feɗe sai likitan dabbobi ya ga alamun tarin fuka a huhu da kaluluwa, ya hana sayar da naman gaba ɗaya. Yana tambaya ko zai iya kai likitan ƙara, ko kuwa wanda ya sayar masa ne zai ɗauki asarar.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da likita, domin nan ne ƙararka ta fi rauni. Duba dabba kafin yanka da duba nama bayan yanka aiki ne da doka ta ɗora wa likitocin dabbobi na gwamnatin jiha, kuma Dokar Yaƙi da Cututtukan Dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta wajabta kai rahoton dabbar da ake zargin tana ɗauke da cuta mai yaɗuwa. Tarin fuka na shanu yana kama mutum, musamman ta ɗanyen nono, yana kuma iya kama masu fiɗa irinka. Saboda haka kotu ba za ta ga laifin jami'in da ya yi aikinsa ba, sai ka tabbatar da cewa ya yi ne da mugun nufi ko ya wuce hurumin da doka ta ba shi. Ko da kana da irin wannan hujja, dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba ka wata 3 ne kacal ka shigar da ƙara.

Abin da ya fi amfani ka nema daga gare shi shi ne takarda mai ɗauke da kwanan wata da sunan cutar da sa hannunsa. Idan kana shakkar hukuncinsa, ka roƙi a kai samfur asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo domin gwaji. Kada kuma ka bari yaranka su zare wani ɓangare na naman su kai kasuwa da dare, domin sayar da abincin da aka san yana cutarwa laifi ne a dokar final kod, wato kundin dokokin hukunta masu laifi.

Batun mai sayarwa ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne mahauta da yawa ke mamaki idan suka je kotun Shari'a. Ƙa'idar Malikiyya ita ce, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki yana da zaɓin mayarwa, idan kuma abin ya salwanta a hannunsa, kamar dabbar da aka yanka, sai a biya shi bambancin kuɗin mai lafiya da mai aibi. Sai dai malamai sun togace aibin da ba a iya gani sai an fasa abin ko an yanka shi, wanda mai saye da mai sayarwa duka suka jahilta. Wannan asarar mai saye ce, sai fa in an gindaya sharaɗi lokacin ciniki, ko kuwa al'adar kasuwar ta tafi a kan mayarwa.

Saboda haka shari'arka za ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: shin mai san ya sani ya ɓoye? Idan akwai wanda ya ga san yana tari ko yana ramewa a garke, ko ya san an yi ta yi masa allura kafin ranar kasuwa, to wannan algus ne, kuma matsayinka ya yi ƙarfi sosai. Dillalin da ya karɓi la'ada shi ne shaidarka na farko, don haka ka same shi tun bai manta ba, ka kuma tambaye shi ko ya ambaci lafiyar san a gaban mutane sa'ad da aka yi sallama.

A ganina, ka fara kai maganar gaban Sarkin Fawa da shugabannin kasuwar shanu, da takardar likita a hannunka. Su ne za su faɗi yadda aka saba yi a kasuwar idan haka ta faru, kuma in sulhu ya gagara, bayanin nasu shi ne alƙali zai nema a matsayin shaidar al'ada.