Tambayoyinku: Maki Ɗaya Tsakani, da Yadda Ya Raba Kan Magoya Bayan Louisville

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan karon sun taru a kan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, da halin da magoya baya kan shiga idan ƙungiyarsu, wadda dama take fama da kanta, ta sha kashi da ɗan ƙanƙanin rata. Mun ɗauki guda huɗu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a birnin Louisville na jihar Kentucky. A watan Nuwamban 2022 wani maƙwabcina ya kai ni kallon wasan da Jami'ar Louisville ta yi da Appalachian State, aka doke mu da ci 61 da 60. A hanyar fita na ji mutane sun kasu biyu, wasu na cewa saura ƙiris, a yi wa sabon koci haƙuri, wasu kuma na cewa ba a ɗauko hanya ba sam. Har yau maƙwabcin nawa da ƙaninsa ba su daina wannan gardama ba. Wa ya fi gaskiya a wancan daren? (Ɗalibi, daga Louisville)

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi dacen ganin ƙarshen wani mako da ba a saba ganin irinsa ba. Ranar 9 ga Nuwamba Bellarmine ta doke Louisville da ci 67 da 66, ranar 12 ga wata Wright State ta doke ta 73 da 72 da jifan da ya shiga daidai lokacin tashi, sannan ranar 15 ga wata aka yi wasan da ka kalla. Wasa uku ke nan na buɗe kaka, duk a gida, kowanne da maki ɗaya. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluma kawai zai ce ƙwallo uku da suka kuskure ne suka raba ƙungiyar da nasara uku, kuma a kan wannan lissafi masu cewa a yi haƙuri suka tsaya.

Ba zan ce hujjarsu banza ce ba. Wasan da aka tashi da maki ɗaya tsakani ya fi kusa da sa'a fiye da gwaninta, domin ƙwallon da ta zagaya bakin kwando ta fito, ko busa ɗaya ta alƙali, ta isa ta juya sakamakon. Haka kuma kocin, Kenny Payne, bai gaji gida mai lafiya ba. A kakar da ta gabata ƙungiyar ta ci wasa 13 ta faɗi 19, ta rabu da kocinta Chris Mack a tsakiyar kaka, kuma binciken hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wanda ya samo asali daga badaƙalar ɗaukar 'yan wasa ta 2017, yana rataye a wuyanta har zuwa farkon wannan watan na Nuwamba, abin da ya sa matasa masu hazaƙa suke ɗari-ɗarin zuwa. Ga shi kuma Payne ɗan gida ne, yana cikin 'yan wasan da suka ciyo wa jami'ar kofin ƙasa a 1986, kuma mutane da dama sun daɗe suna roƙon a ba shi wannan aiki. Mai cewa a yi masa haƙuri bayan wasa uku ƙauna ce take magana a bakinsa, kuma ban ga aibinta ba.

Duk da haka, a ganina masu fargaba ne suka karanci daren daidai, kuma ba sai da suka jira ƙarshen kaka kafin hujja ta zo hannunsu ba. Abu na farko da ya kamata a tambaya bayan an sha kashi da ƙiris shi ne, a hannun wa? Manyan jami'o'i kan gayyato ƙananan makarantu a farkon kaka, sau da yawa har da biyansu kuɗin zuwa, domin 'yan wasansu su ware jiki su tara nasara kafin a shiga gasar rukuni. Bellarmine ƙaramar jami'a ce a cikin birnin Louisville ɗin kansa, wadda sai a 2020 ta hau babban mataki na farko na wasannin jami'o'i. Kafin ma a buɗe kakar, Lenoir-Rhyne, wadda take mataki na biyu, ta doke Louisville 57 da 47 a wasan gwaji. Ƙungiyar da ya kamata ta wuce irin waɗannan abokan karawa da maki goma sha biyar ko ashirin, idan aka same ta tana kokawar daƙiƙar ƙarshe da su, to matsalar ta riga ta bayyana ko da ƙwallon ƙarshen ta shiga.

Abu na biyu shi ne yadda wasan ya gudana. A karawa da Bellarmine da kuma wadda ka kalla, Louisville ta kasance a baya da fiye da maki goma kafin ta taso daga baya. Wasan jami'a minti 40 ne, kashi biyu na minti 20, kuma kowace ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa idan ƙwallo ta zo hannunta. Ƙungiyar da take gaba da rata mai yawa takan rage gudu a ƙarshe, ta riƙa cinye waɗannan daƙiƙu da gangan, ita kuwa ta baya ta saki jiki ta yi ta jifa daga nesa tunda ba ta da abin asara. Ta haka rata kan tsuke, har sakamakon ƙarshe ya nuna kamar an yi kunnen doki tun farko, alhali an shafe rabin sa'a ana jan ƙungiya ɗaya a ƙasa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mako guda bayan haka ƙungiyar ta tafi gasar Maui a tsibiran Hawai, inda ta haɗu da tsararrakinta na gaskiya. Arkansas ta doke ta 80 da 54, Texas Tech kuma 70 da 38. Sai da ta faɗi wasa tara a jere kafin ta samu nasarar farko a kan Western Kentucky a watan Disamba, ta kuma rufe kakar da nasara 4 da faɗuwa 28. Ka gaya wa maƙwabcinka cewa wanda ya ce a yi haƙuri bai yi laifi ba, amma wanda ya fita da fargaba shi ne ya kalli dukan wasan, ɗayan kuwa daƙiƙar ƙarshe ce ta tsaya masa a rai.

TAMBAYA: Na ga hoton bidiyon ƙarshen wasan Appalachian State, ƙwallon ta shiga kwando kowa ya yi tsalle, sai alƙalai suka soke ta. Ashe ba zalunci ba ne? (Mai karatu, daga Maraɗi)

AMSA: Malam, ba zalunci ba ne. Dokar ita ce dole ƙwallo ta bar hannun mai jifa kafin lokaci ya ƙare, kuma akwai jan fitila a jikin allon kwando da ke kamawa da zarar agogo ya kai sifiri. Alƙalan sun koma ga na'urar bidiyo, suka ga cewa lokacin ya cika ƙwallon tana hannun ɗan wasan Louisville El Ellis, don haka suka soke. Na fahimci zafin da mai goyon baya kan ji idan aka ba shi murna aka karɓe cikin minti biyu, kuma wannan zafi ne ke sa a ɗora wa alƙali laifi, amma a wannan karon hukuncin yana kan ƙa'ida.

TAMBAYA: Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasan ɗalibai ne fa. Me ya sa dattawa masu iyali za su tayar da jijiyar wuya saboda yaran jami'a sun faɗi wasa? (Malamin makaranta, daga Zariya)

AMSA: Malam, sunan ne kawai na ɗalibai. Jihar Kentucky ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NBA, saboda haka Jami'ar Louisville da abokiyar hamayyarta Jami'ar Kentucky da ke Lexington su ne suke cike wannan gurbi a zukatan jama'a, kuma goyon bayan ɗaya daga cikinsu abu ne da ake gada daga iyaye. Zauren da Louisville take wasa, KFC Yum! Center, wanda aka buɗe a 2010, yana ɗaukar mutum fiye da 22,000, wato ya fi yawancin zaurukan NBA girma. Ƙungiyar ta ci kofin ƙasa a 1980 da 1986 a ƙarƙashin Denny Crum, ta sake ci a 2013 a ƙarƙashin Rick Pitino, da ɗan Senegal Gorgui Dieng a tsakiyar tsaronta, ko da yake NCAA ta soke wannan kofi na uku a 2018 saboda karya dokoki. Dattijon da ya ga waɗannan shekaru da idonsa, ya kuma ga an sauke tutar 2013 daga rufin zaure, ba wasan dare ɗaya yake yi wa fushi ba idan Bellarmine ta doke su. Yana ganin martabar da ya taso a cikinta ce take zubewa a gabansa, a birnin da ya haifi Muhammad Ali, wanda mutanensa ba su saba a raina su a fagen wasa ba.

Bari in kawo misalin da ya shafe mu, domin ya nuna cewa shan kashi da ƙiris iri-iri ne. A 1983 Jami'ar Houston, wadda Hakeem Olajuwon haifaffen Legas yake bugawa, ta fitar da wannan Louisville ɗin a wasan kusa da na ƙarshe da ci 94 da 81, sannan ta faɗi wasan ƙarshe a hannun North Carolina State da ci 54 da 52, da ƙwallon da Lorenzo Charles ya zura ana gab da tashi. An ba Olajuwon kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi. Baƙin cikin magoya bayan Houston na wanda kofi ya suɓuce masa ne bayan ya taɓa shi, kuma irin wannan baƙin ciki yana haɗa kan mutane. Na Louisville a 2022 kuwa yana tattare da kunya da shakka, shi ya sa ya raba wa da ƙani.

TAMBAYA: Ɗana yana buga ƙwallon kwando, burinsa ya samu gurbin karatu a Amurka ta wannan hanya. Amma idan na ga irin zagin da ake yi wa 'yan wasa a intanet bayan an faɗi wasa, sai gabana ya faɗi. Shin haka ya dace, kuma ina magoya baya ya kamata su kai fushinsu? (Uwa, daga Kaduna)

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi ya cika masa burinsa. Bai dace ba, kuma ba na jin akwai uzurin da zai halatta shi. Yaron da ya kuskure jifan ƙarshe yawanci ɗan shekara 18 zuwa 22 ne, shi ya fi kowa jin ciwon abin, kuma gobe da safe zai shiga aji tare da waɗanda suka kalle shi. Gaskiya ne tun ranar 1 ga Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, har wasu magoya baya suka ɗauki wannan a matsayin lasisin yi musu abin da ake yi wa ƙwararru. Ni ban yarda ba. A soki yadda yaro ya yi wasa, wannan hakkin mai kallo ne, amma a bi shi har shafinsa da ashar ana ambaton iyayensa, wannan rashin tarbiyya ne ko nawa ake biyansa. Yaɗuwar cacar wasanni a jihohin Amurka da dama tun daga 2018 ta ƙara dagula lamarin, domin wani mai zagin ba ƙungiyar ce ta dame shi ba, kuɗinsa ne suka salwanta.

Tambayoyi masu zafi na waɗanda aka ɗora wa amana ne, wato kocin da ya zaɓo 'yan wasan ya tsara musu dabara, da shugabannin sashen wasanni da suka ɗauke shi aiki. Albashin Payne ya haura dala miliyan 3 a shekara, kuma wanda yake karɓar wannan dole ya amsa tambaya idan yaransa suka fito wasa bayan wasa ba su san inda za su tsaya a tsaro ba. Abin da ya fi tasiri a Louisville ma ba ihun intanet ba ne. Mutane ne suka daina zuwa. Zauren da ya saba cika ya koma ana ƙirga kujerun da babu kowa a talabijin, kuma tunda kuɗin tikiti da gudummawar masu hali ne suke riƙe da sashen wasanni, wannan shirun ya isa kunnen hukuma fiye da kowace irin hayaniya.

A kakar Payne ta biyu an sake ganin irin wancan dare, lokacin da Texas ta doke Louisville 81 da 80 a New York a watan Nuwamban 2023, wasu suka sake cewa an kusa. Kakar ta ƙare da nasara 8 da faɗuwa 24, aka sallami Payne a watan Maris na 2024 bayan ya ci wasa 12 ya faɗi 52 cikin shekara biyu. Wanda ya gaje shi, Pat Kelsey, ya zo daga Kwalejin Charleston, ya tarar kusan dukan 'yan wasan sun nemi canjin makaranta, abin da dokokin yanzu suka sauƙaƙa, sai ya haɗa sabuwar tawaga da 'yan wasan da suka taso daga wasu jami'o'in. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ci wasa 27 ta faɗi 8, ta koma gasar ƙasa ta watan Maris mai ƙungiyoyi 68, inda Creighton ta fitar da ita a zagayen farko.

Game da ɗanki kuwa, Hajiya, idan Allah ya kawo gurbin, ku bincika tsawon lokacin da kocin ya yi a makarantar da kuma ko kujerarsa tana rawa, domin idan aka sallami koci, yaran da ya ɗauko su ne suke fara neman inda za su koma. Ku tambayi abin da takardar tallafin karatun ta ce idan hakan ta faru, ko idan yaro ya ji rauni, kuma ku tabbata ya zaɓi fannin karatun da zai iya kammalawa ko da ya bar ƙungiyar.