An ba wasu gurbinka a filin golf: wa ke da gaskiya?

Malam, ka ce an ba ka ƙarfe takwas, ka iso saura minti biyar, ka tarar an tura wasu a gurbinka, kuma aka ƙi mayar maka da kuɗinka.

Lokacin da aka rubuta maka na bugun farko ne, ba na shigowa ƙofa ba. Filaye da yawa suna sakin rukuni bayan rukuni kowane minti 8 zuwa 10, mutum huɗu-huɗu, shi ya sa suke so a yi rajista tun saura minti 15 zuwa 30. Rukuni ɗaya ya makara, duk na bayansa sun makara har yamma. A gasa ma abin ya fi tsanani: doka ta 5.3 ta R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, ta ce wanda ya makara da abin da bai wuce minti 5 ba a ci shi tarar bugu biyu idan gasar ta ƙirga bugu ce, in ya wuce haka a cire shi.

Amma batun kuɗi daban ne, kuma nan nake ganin kana da hakki. Duba saƙon da suka turo maka lokacin da ka biya. In ba a ambaci lokacin rajista ba, ba daidai ba ne su riƙe kuɗinka bisa sharaɗin da ba su faɗa maka ba.

Kada ka yi cacar baki da mai sakin 'yan wasa, umarni yake bi. Rubuta wa manaja, haɗa da rasit, ka nemi wani gurbin ko kuɗinka.