Ƙaramar bindiga ta .22 da babbarta: amsoshin tambayoyinku kan filin harbi

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Agege: Malam ina yawan zuwa Amurka wajen ƙanena, yana da bindigogi biyu da lasisinsa, babbar .308 da wata 'yar ƙarama .22, duk sanda za mu filin koyon harbi sai ya dage sai mun ɗauki ƙaramar, ni kuma gani nake ta yara ce. Akwai amfanin jigilarta kuwa ko kaya ne kawai?

Amsa: Alhaji ƙanenka ya fi ka gaskiya a nan, kai haƙuri. Da za a ce min ɗaya tak zan shiga da ita filin, wallahi ƙaramar zan ɗauka.

Bari mu fara da bambancinsu tukuna, lambobin nan .22 da .308 kaurin harsashi suke nunawa a awon inci. Harsashin ƙaramar, wato .22 LR (Long Rifle), tsoho ne, tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi, kuma sinadarin da ke kunna albarushinsa a gefen gindin kwanson yake, can allurar bindiga ke daka. Na .308 Winchester da ya fito a 1952 shi a tsakiyar gindi ake dakansa, kwansonsa mai kauri ne yana ɗaukar albarushi da yawa. Kan harsashin ƙaramar bai kai giram 3 ba, yana fita da gudun wajen mita 330 a daƙiƙa, na babbar kuwa ya kusa giram 10 kuma gudunsa ya haura mita 800. Toh duk wannan ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne dai ke dawowa ya tokare ka a kafaɗa, kuma nan matsalar take. In mutum ya fara da babba, harbi kaɗan zai yi jikinsa ya koyi tsoro, tun kafin ya ja kunama zai runtse ido ya maƙe kafaɗa ya fizgi yatsa, shi bai ma san yana yi ba, sai dai ya ga harsashi na sauka ƙasa ko gefe ya ce ai saitin bindigar ne ya lalace. Saiti lafiya lau yake Alhaji, hannu ne. Ita .22 kusan ba ta tokari, ƙararta da sauƙi, saboda haka duk kuskuren da kake yi a numfashi ko jan kunama ko yadda ka ɗora kunci za ka gan shi ƙiri-ƙiri, ka gyara. Ba a koyon tuƙi da tirelar Apapa.

Sai maganar zafi. Babbar bindiga in ka jera mata harbi kaɗan bututunta ya ɗau zafi, harsasai su fara warwatsuwa, kuma ƙonewar albarushi mai yawa na cinye cikin bututun a hankali, dole ka ajiye ta ta huce. To a wannan zaman jiran me za ka yi, ka biya kuɗin fili kana latsa waya? Nan ne ƙaramar ke aiki, ka yi ta harbi a mita 50 har babbar ta sha iska. Ga kuɗi kuma, ai ku 'yan kasuwa ba a koya muku lissafi, abin da za ka kashe a harsashin .308 guda ɗaya zai saya maka na .22 da dama. In kana son ka ƙure kanka matsar da allon da kake harbi zuwa mita 100, a nan iska 'yar kaɗan ke kautar da ƙaramin harsashi, yana kuma faɗuwa sosai, sai ka koyi karanta iska da araha.

Amma fa ba abin wasa ba ce, tana kisa, harsashinta na iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi in aka ɗaga baki sama. Toshe kunne da gilashin ido dole ne ko da ita kaɗai kake harbawa. Harsashi kuma kowanne a akwatinsa, bindiga ɗaya a kan tebur a lokaci ɗaya, musamman da yake akwai harsasan .22 WMR da .223 da sunayen suka yi kama amma ba abu ɗaya ba ne. In ka ja bai tashi ba, wanda ya fi faruwa da harsashin .22 LR, bar bakin yana kallon allo kamar daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Kar kuma ka riƙa jan kunamarta babu harsashi, a wasu ƙirar allurar na dukan bakin ramin harsashin ta yi masa tabo. In ƙanen naka zai ƙara saye, ni na fi son wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi irin CZ 457, don tana sa mutum ya nutsu. Ruger 10/22 da ake yi tun 1964 bindiga ce mai kyau, sai dai da yake ita ke loda kanta, sabon shiga sai ya yi ta feshi ya tashi bai koyi komai ba.

Tambaya daga wani dillalin shanu a Alaba Rago: Ni a nan gida nake son in mallaki irin waɗannan biyun, wani ya ce zai haɗa ni da mai sayarwa. Wacce zan fara saye?

Amsa: Ɗan'uwa rabu da wannan wanin. A Najeriya doka ce ke fara zaɓa maka kafin aljihunka. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai haramtattu waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, a ciki har da fistol da bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62, kuma .308 ɗin nan awonta ke nan, kaga tun daga nan babbar ta fita daga lissafinka. Na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar farauta da ta wasanni da ta iska, lasisinsu na hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Na uku bindigar toka ta mafarauta, ita kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Wanda aka kama da haramtacciya ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci, kuma "ai don kare dukiyata ne" ba ya fid da mutum a gaban alƙali. Ka je hedikwatar 'yan sandan jiha a Ikeja ka ji ko ana karɓar takardar neman lasisi a yanzu, ka tafi da lauya in da hali, lasisi ya fara fitowa sannan a yi maganar dila mai rajista. Duk wanda ya ce ba sai an bi ta nan ba, kai zai bari da jidali.

Tambaya daga wata uwa a Idi-Araba: 'Yata mai shekara 15 ta kalli gasar harbi ta Olamfik ta Faris a 2024, tun daga lokacin ta hana ni sakat. Me zan saya mata?

Amsa: Hajiya kar ki sayi komai yanzu. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, kuma bindigar iskar ma na cikin masu buƙatarsa. Ki nemo kulob mai rajista da ke da mai horarwa da kayan aro, ta hukumar wasanni ta jihar Legas za ki fara tambaya. Da bindigar iska ake farawa, mita 10, ƙwayar milimita 4.5, in hannunta ya faɗa sai ta koma mita 50, inda a Olamfik ɗin ma .22 ɗin da Alhajin Agege ya raina ake harbawa, a durƙushe da kwance da tsaye. Ki ja mata kunne kan wanke hannu da sabulu bayan kowane atisaye kafin ta taɓa abinci, don ƙwayoyin na dalma ne, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. In ranar sayen ta zo, ki haɗa da man bindiga da akwati mai makulli, iskar gishirin Legas ba ta raga wa ƙarfe.