Filin Tambaya da Amsa: Amosanin jini daga cikin ƙwayar jini

Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan amosanin jini suke, wato sikila. Mun zaɓi biyar, muka miƙa su ga masana da ke aikin gwajin jini da nazarin ƙwayoyin gado, ga kuma amsoshinsu.

Wani ɗalibin kimiyya daga Zariya ya ce: Malaminmu ya gaya mana bambancin jinin mai AA da na mai SS amino asid ɗaya ne tak. Ta yaya abu ɗaya cikin ɗaruruwa zai jawo irin wannan azaba?

Gaskiyar malaminka, Malam. Abin dubawa shi ne inda wannan ɗayan ya zauna. Kowane furotin sarƙa ce ta amino asid, waɗanda iri 20 ne, a jere kamar 'ya'yan carbi. Sai dai sarƙar ba ta zama a miƙe. Naɗewa take yi, waɗanda ba sa shiri da ruwa su ɓuya a ciki, masu shiri da ruwa su tsaya a waje, kuma siffar da naɗin ya bayar ita ce aikin furotin ɗin. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe: alfa biyu, kowace da amino asid 141, da beta biyu, kowace da 146. Kowace sarƙa tana riƙe da ƙwayar ƙarfe ɗaya, a nan oksijin yake maƙalewa.

Umarnin gina sarƙar beta yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin dunƙulen DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma haruffan DNA uku ne ke tsaya wa amino asid ɗaya. A gurbi na shida, mai lafiya yana da GAG, wanda ke kawo gulutamik asid, mai son ruwa, mai ɗauke da cajin lantarki. A wurin mai S, harafin tsakiya ya canja, ya zama GTG, sai balin ya shiga gurbin. Shi kuwa balin gudun ruwa yake yi, ga shi gurbi na shida a bayan furotin yake, tsamo-tsamo cikin ruwa. Muddin himogulobin yana riƙe da oksijin, balin bai da inda zai shiga. Da ya sauke oksijin sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan rami da amino asid na 85 da na 88 suka kewaye a jikin sarƙar beta ta maƙwabcinsa ya zo daidai, balin ya faɗa ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogon zare mai sili 14 a murɗe. Zarurrukan su ne ke sandarar da ƙwayar jinin, su lanƙwasa ta ta yi siffar lauje. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar daban yake, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin amino asid ɗin a 1956 zuwa 1957 a Ingila.

Akwai wani abu da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, alhali shi ne ya fi amfani ga mai jinya. Zaren ba ya haɗuwa nan take, akwai ɗan jinkiri. Ƙwayar jini tana ratsa siraran jijiyoyi cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Idan ta fita kafin zaren ya haɗu, za ta iya komawa huhu ta ɗauki oksijin, abin da ya fara haɗuwa ya narke. Tsawon jinkirin nan ya dogara matuƙa da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar: ruwa kaɗan ya ragu a cikinta, jinkirin ya gajarce ninki-ba-ninki. Shi ya sa ƙishirwa, gudawa da zazzaɓi suke tayar da ciwo, shi ya sa kuma sanyin hunturu yake tayar da shi, don yana tsuke jijiyoyi, jini ya daɗe a hanya. In likita ya ce a sha ruwa da yawa, a rufe jiki, a nemi shawararsa kafin azumi a watannin zafi, wannan jinkirin yake ƙoƙarin tsawaitawa.

Ƙwayar da ta sha lanƙwasuwa da miƙewa fatarta lalacewa take yi. Maimakon kwana 120, sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da yalon ido suke fitowa. Mai AS kuwa, himogulobin S ɗinsa bai cika wuce kashi 40 cikin 100 ba, sauran A ne ya gauraye shi, zaren ba ya samun haɗuwa a yanayin yau da kullum.

Wata uwa daga Maradi ta rubuto: Ɗana lafiya lau aka haife shi. Sai da ya kai wata bakwai hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, asibiti suka ce SS ne. Dangi na cewa da gado ne da tun haihuwa za a gani, wai wani abu aka yi masa. Me ya ɓoye ciwon?

Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Babu wanda ya yi wa yaronki komai, kuma yadda ciwon ya zo shi ne daidai yadda gadon yake zuwa. Mallakar ƙwayar gado daban, amfani da ita daban. DNA ɗin da ke hanta shi ne ke ɓargo, amma ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyin jinin babba, domin kowane sashe na jiki yana kunna wasu ƙwayoyin gado ya kashe wasu, haka kuma kowane mataki na rayuwa.

A kan kuromosom na 11, ƙwayar gadon beta ba ita kaɗai ba ce. 'Yan'uwanta suna jere da ita bisa tsarin da ake amfani da su: efsilon ta makonnin farko na ciki, gama guda biyu na ɗan tayi, sannan delta da beta na bayan haihuwa. Can gabansu akwai wani yanki na DNA mai ƙarfafa aiki, wanda igiyar DNA take lanƙwasowa ta kawo shi kusa da wadda ake so ta yi aiki. Lokacin da yaronki yake ciki, gama yankin yake taɓawa. Alfa biyu da gama biyu su ne himogulobin F, wanda ya fi na uwa riƙon oksijin, don ya iya karɓo shi daga jininta ta mabiyiya. A ranar haihuwa F shi ne mafi yawa a jinin jariri, kusan kashi 70 zuwa 80. Sarƙar gama ba ta da balin a gurbi na shida, kuma a gurbi na 87 tana da wani amino asid da bai dace da ginin zaren ba, don haka F ba ya shiga zare, yana ma hana S haɗuwa. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura tun 1948 cewa ƙwayoyin jinin jarirai masu cutar ba su cika lanƙwasuwa ba, ta danganta abin da F.

Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya hau kan DNA daf da farkon ƙwayoyin gama ya danne su, yankin nan mai ƙarfafawa ya koma kan beta. A 2008 aka tabbatar da wannan aikin nasa. F yana raguwa wata bayan wata, S yana hawa, kuma wajen wata shida zuwa shekara kariyar ta yi rauni. Kumburin yatsu da kika gani sau da yawa shi ne alamar farko, domin a wannan shekarun ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa cike suke da ɓargo mai aiki.

Ba kowa BCL11A ke dannewa daidai ba. Masu SS a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya sukan riƙe F mai yawa har girma, ciwonsu ya zo da ɗan sauƙi, yayin da nau'in da ya fi yawa a Najeriya bai cika barin F da yawa ba. Ko a gida ɗaya, wa da ƙani masu SS kan bambanta.

Abin yi yanzu: saifar yaro mai SS tana fara rasa ƙarfinta tun yana jariri, don haka ana ba shi fenisilin na sha kullum har ya kai shekara biyar, da cikakken rigakafi, musamman na ciwon huhu, da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Zafin jiki da ya kai digiri 38.5 maganar asibiti ce a ranar, ba ta gobe ba. Ki roƙi ma'aikacin jinya ya koya miki laluben saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ta girma farat ɗaya, yaro ya yi fari fat ya yi laushi, jini ne ya taru a cikinta, a garzaya da shi. Daga shekara biyu a riƙa yi masa awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa duk shekara, don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun da wuri.

Wani uba daga Kano: An rubuta wa 'yata haidiroksiyuriya, sai na ji an ce maganin cutar daji ne. In ba ta?

Ka ba ta, Alhaji, amma da sharaɗin bin awon jini. Gaskiya ne don wasu cututtukan daji na jini aka fara amfani da shi. Aikinsa shi ne rage saurin haɗa DNA a cikin ɓargo, kuma ɓargon da ya shiga wannan matsi yakan koma yana kunna gama, F ya ƙaru. Yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini da ke taimakawa wajen toshe jijiyoyi. Babban gwajin da aka wallafa a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi a manya, Amurka ta amince da shi a 1998, kuma a nan Kano an gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Yawanci ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya a rana. A farko ana ƙidayar ƙwayoyin jini kusan duk wata. In farare ko masu tsayar da jini sun yi ƙasa sosai, likita ya dakatar na ɗan lokaci, ya rage yawansa. Kurakuran da aka fi yi uku ne. Wasu kan daina bayan mako uku don ba su ga canji ba, alhali sai wata uku zuwa shida F yake taruwa. Wasu kan sha shi ranar ciwo kawai, shi kuwa ba maganin raɗaɗi ba ne. Wasu kuma yaro ya ƙara kilo biyar suna nan a kan tsohon awo. Mai shirin ɗaukar ciki, ko mijin da ke shan maganin, su yi magana da likita tukuna.

Wani magidanci da ya nemi a sakaya garinsa: Ni AS ne, takardar matata ta ce AA, amma an ce ɗanmu yana da sikila. Hankalina ya tashi.

Ka kwantar da hankalinka, Malam, kada kuma ka zargi iyalinka a kan takarda ɗaya. Gwajin jinotaif da aka fi yi a ɗakunan gwajinmu yana raba himogulobin ne da lantarki: a ɗiga jinin a kan takarda ta musamman, a saki wuta, A ya yi gaba da sauri, S da ya rasa cajinsa ya biyo a baya, C, wani nau'in himogulobin na gado, ya fi su nawa. Nau'in furotin da ke akwai kawai yake nunawa.

Akwai wani gado da ake kira beta talasimiya, inda sarƙar beta lafiyarta ƙalau, amma ƙwayar gado ɗaya ba ta fitar da ita, ko tana fitar da kaɗan. A cikin mutanen Afirka ta Yamma sau da yawa matsalar tana wajen da ake kunna ƙwayar gadon ne, ba a cikin rubutun furotin ba. Mai wannan gadon A kawai za a gani a takardarsa, a rubuta masa AA. In ya haɗu da mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na ɗa mai S daga ɓangare ɗaya da beta mai rauni daga ɗayan, wanda ciwonsa na iya zama tamkar na SS. Ana gano shi da gwajin HPLC, wanda ke auna yawan kowane nau'in himogulobin, inda wani ƙaramin nau'i mai suna A2 ke wuce kashi 3.5 cikin 100, tare da ƙananan jajayen ƙwayoyi a ƙidayar jini.

Akwai wasu hanyoyin kuskure. Mai AS ko SS da aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ake aunawa a jikinsa. Gwajin gaggawa na gurɓacewar ruwa a kwalba S kaɗai yake gani, ba ya ganin C, kuma C yana da yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana samunsa a Najeriya. Sannan akwai musanyar kwalabe da kuskuren rubutu. Ku uku ku sake gwaji da HPLC a wuri ɗaya, ku kai wa likitan jini sakamakon.

Wata ɗalibar aikin jinya daga Yamai: Da gaske an samo maganin warkewa ta hanyar gyaran ƙwayar gado?

An samo, 'yar'uwa. Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba na shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama. Bai taɓa harafin GTG ba ko kaɗan. Ana ɗebo ƙwayoyin asali na ɓargon majinyaci, a yi amfani da fasahar CRISPR, wato almakashin yanka DNA, a yanke ɗan yankin DNA da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyi kaɗai, don jiki yana buƙatar furotin ɗin a wasu wuraren. Da BCL11A ya yi rauni sai gama ta farka, F ya dawo da yawa.

Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wanda ke iya hana haihuwa, kuma majinyaci yakan yi makonni a asibiti ba shi da garkuwar jiki. Farashin da aka sanya masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Gyaran a ɓargo ya tsaya, don haka wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa S yadda yake tun farko, gwajin kafin aure bai faɗi a kansa ba.