Narka robobin gida don ƙera kayan ado

Kana tambaya ko za ka iya narka robobin da ke taruwa a gida ka ƙera kayan adon bango. Za ka iya, amma ba kowace roba ba. Duba gindinta, akwai lamba cikin ɗan alwatika. Mai lamba 2 da mai 5 su ne abin nema, kuma yawancin murafun kwalaben roba irinsu ne. Mai lamba 3 kada ta kusanci wuta, hayaƙinta guba ne. Kwalbar ruwa mai lamba 1 kuwa, gara ka yanka ta da almakashi ka yi furanni.

Sharaɗin da ba na wasa da shi: kada ka gauraya 2 da 5. Ta farko tana narkewa wajen digiri 130, ta biyu sai wajen 160, kuma ba sa kama juna sosai, sai abin ya riƙa tsagewa. Ni nakan wanke su, su bushe sarai, sannan in yi aikin inda iska ke kaɗawa, a tandar da ba a girki da ita.